Garantin Madubin Kawu Dabo

Babban Mutum,
3 ga Rajab.

Zuwa ga 'yata Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta daɗe a ajiye, ke da maigidanki da yaran, da fatan aikin koyarwa bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar innarki Nana da ke tashi in ta ga dama. Ni kuwa garau nake, ko ciwon kai babu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalili shi ne wayata in ta yi ƙara Nana ce ke riga ni isa gare ta, kuma ta saba danna wurin nan da ke sa magana ta cika tsakar gida, har maƙwabta su sa baki ta kan katanga. Maganar da nake tafe da ita kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Shi ya sa na ba Mainasara direba, tunda yana shiga Kano sau biyu a mako, kuma ba shi da surutu.

Kin san aikina a garin nan, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Shekara talatin da huɗu ke nan, duk ranar ashirin da tara ga wata, ni ke hawa tudun bayan filin Idi in dubo jinjirin wata. Mahaifina ya yi kafin ni, shi da wansa, wato kakanki. Mahaifiyarki Inno ma, Allah ya jiƙanta, tana yarinya takan biyo mu da butar alwala. In na ce na gani, Liman Abdulbaƙi ba ya ƙara mini tambaya, sai dai ya nemi na biyu a cika shaida, a aika wa hakimi, labari ya wuce Daura. Ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

To wannan watan Sama'ila tela ne ya riga ni. Sama'ila fa! Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tsayawa a bayana yana tambayar ta ina zai duba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Laifin fitilun nan ne masu aiki da hasken rana da aka kakkafa a bakin titi, ga hayaƙin babura. Sun ɓata sararin sama, komai ya koma dishi-dishi.

Na taɓa ganin wani malamin dabbobi da madubin hangen nesa, mai ido biyu, wanda ake ratayawa a wuya. Ya ba ni na leƙa, na hango wani sa can wajen iyakar Nijar kamar in miƙa hannu in kama ƙahonsa. Na tambayi Liman a kaikaice ko ya halatta a dubi wata da irinsa, ya ce ido ne dai ke gani, gilashi taimako ne. Irinsa nake so ki nemo mini, na hannu, don sabo ya fi ƙarfin manomi. Amma ki tabbata yana da garanti. Ban yarda da gwanjon Kano ba, rediyon da na saya bara kwana tara ya yi ya rasu.

Azumi saura wata biyu, kuma ina so watansa ya same ni a shirye. Kada kowa ya ji sai kaya sun iso.

Kawunki,
Dabo.

Kano,
12 ga Rajab.

Zuwa ga Kawu Dabo,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Takardarka ta same mu ƙalau, yara suna gaishe ka, ni kuma na zauna na karanta ta sau biyu don daɗin ganin rubutunka. Ka ce wa Inna Nana ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ta rage surfe.

Na yi yawo kwana biyu bayan tashi daga makaranta kafin in samu. Akwai wani Ikrima mai shagon kyamarori da irin waɗannan kaya na hannu, a wurinsa na ga guda uku. Na zaɓi baƙin, mai jakar fata. Ya ɗan goge a gefe, amma na leƙa na hango tutar wani gini da ke can ƙarshen titi, har zaren da ya zazzare a bakinta na gani. Akwai abin murɗawa a tsakiya, ka riƙa juya shi a hankali har hoto ya fito sosai.

Yanzu maganar garanti, Kawu, ka karanta ta a tsanake, don takardu biyu ne a cikin jakar.

Ta farko ita ce mai kyan gani, mai tambarin ruwan zinariya, an rubuta shekara goma da manyan lambobi. Wannan ta kamfanin da ya ƙera madubin ce, kuma ba ta da amfani a gare mu. Na karanta ƙananan rubutun bayanta, sun ce alkawarin tsakaninsu ne da wanda ya fara saye sabo, da sunansa da rasit ɗinsa. Da zarar kaya sun canza hannu, alkawari ya faɗi. Wanda ya fara saye kuwa wani Bature ne da ba mu san ko yana duniya ba. Ikrima da kansa ya gaya mini haka kafin in tambaya, shi ya sa na ji hankalina ya kwanta da shi.

Ta biyu ita ce 'yar mummunar, rasit ɗin shago mai rubutun biro. Ita ce tamu. Ya rubuta wata uku: in gilashi ya yi gumi daga ciki, ko hoto ya rabu biyu da kansa, ko abin murɗawa ya daina aiki, a mayar masa ya gyara ko ya canza. In ya faɗi ƙasa, ko ya shiga ruwa, ko akuyar Inna Nana ta tauna igiyar, wannan namu ne.

Kawu, na yi dariya da na karanta batun Sama'ila tela, amma na kuma ji tausayinka. Mama takan ba mu labarin tudun nan, ta ce kai ne ka fara nuna mata wata tana bisa kafaɗarka. Allah ya sa ka riga kowa a bana.

'Yarka,
Haulatu.

Takarda ta ƙare, na matse wannan a gefe da ƙananan haruffa: Ikrima ya ɗiga jan farce a kan kowane sukuru na madubin. Alamarsa ce. Kada ka bari kowa ya kwance shi, in jan ya kankare garanti ya mutu.

Babban Mutum,
3 ga Sha'aban.

Haulatu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, zafi ya fara shigowa, Nana ta ce a gode da shawarar ruwan ɗumi, surfe kuwa ta ce sai dai in zo in karɓe ta.

'Yata, an cuce mu. Madubin nan marar lafiya ne.

Tun ranar da ya iso na shiga gona na gwada shi ni kaɗai. Na murɗa, na murɗa, abin yana matsowa kusa amma kamar an shafa wa gilashin koko. Na ce ko hannuna ne bai saba ba. Ranar ashirin da tara na rataya shi na hau tudu. Ki ga yadda jama'a suka kewaye ni, kowa yana son ya taɓa, na hana. Rana ta faɗi, na ɗora shi a ido, na duba inda ya kamata. Fari fat, babu komai. Ina nan ina fama, can sai na ji muryar Sama'ila a hankali yana cewa ga shi can. Da idonsa kawai, ni kuwa ga ni da ƙarfe a wuya kamar raƙumin da aka sa wa ƙararrawa. Ban san yadda na sauko daga tudun ba.

Washegari na hau mota zuwa Daura na kai wa Zulkifilu mai gyaran agogo. Shi ya riƙa gyara agogon mahaifina shekara da shekaru, hannunsa ba ya ɓarna. Ya buɗe shi gaba ɗaya, ya goge kowane gilashi da auduga. Ya ce shi bai ga datti a ciki ba, amma a waje akwai wani jan abu da ya bushe a kan sukurorin, sai da ya sa tsinin wuƙa ya kankare. Ki ga irin ƙazantar da suke sayar wa mutane. Bayan ya mayar, kokon yana nan, kuma yanzu an samu ƙari: in na dubi kuka ɗaya sai in ga biyu.

Na ba Mainasara shi da takardunsa duka. Ki kai wa Ikriman nan ya canza. In ya tsaya gardama ki nuna masa mai tambarin zinariya, shekara goma aka rubuta, wannan kam na gan ta da kyau. Na ga bayanin da kika yi a kanta, amma ni ban yarda kamfani guda zai buga tambari ya kuma janye magana don kaya sun canza gida ba. Alkawari ai ba ya tsufa a hannun mutanen kirki.

Saura kwana ashirin da shida a duba watan azumi. Ki yi sauri.

Kawunki,
Dabo.

Kano,
8 ga Sha'aban.

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Mu ma lafiya, sai jarrabawa da ta taso mu a gaba.

Kawu, me ya sa ka yi mini haka? Na je shagon Ikrima da ƙarfina, na ajiye madubi a kan teburinsa, na ce ya sayar wa dattijo ruɓaɓɓen kaya. Har mutane suka fara taruwa. Ya ɗauka, ya juya shi, ya nuna mini sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malama, ina jan farcena?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Jan abin da Zulkifilu ya kankare ba ƙazanta ba ce, ita ce garantin kanta. Na rubuta maka wannan a takardata, na ce kada a bari kowa ya kwance. Ikrima ya ce rabuwar hoto biyu aikin wanda ya buɗe ne, gilasan ciki suna da zama na musamman, ba a mayar da su da ido kamar na agogo. Ya ce a ƙa'ida ba ruwansa da shi yanzu. Takardar zinariya kuwa ko kallonta bai yi ba, ni ma ban iya miƙa ta ba don na san gaskiya.

Na sauke murya na ba shi haƙuri, na gaya masa ko kai wane ne da abin da kake yi da madubin. Ya ce shi ma mahaifinsa dattijo ne, ladan a ƙauyensu. Ya ce in bar masa shi kwana huɗu ya duba, amma bai yi alkawarin komai ba.

Ka yi haƙuri in maganata ta yi zafi. Kunyar da na sha ce ba ta sake ni ba tukuna.

'Yarka,
Haulatu.

Babban Mutum,
11 ga Sha'aban.

Haulatu,

Na amsa gaisuwarki. Lafiya muke.

Ban taɓa zaton ranar da 'yar Inno za ta ɗora mini laifin abin da ba ta faɗa ba. Na ɗauko takardarki daga ƙarƙashin buzu, na fita rana tsaka, na karanta ta sau uku daga sallama har sunanki. Akwai Ikrima, akwai Bature, akwai akuya. Babu jan farce, babu kada a kwance. A gefe dai na ga wani baƙi-baƙi kamar inda biro ya yi yoyo, shi ke nan.

In kin manta ne ba ki rubuta ba, ki ce kin manta, ɗan Adam ne ke. Ni na yi karatun allo na yi na boko har aji bakwai, ba a taɓa karanta mini wasiƙa ba. In kuma hidimar ce ta yi miki yawa, ki faɗa, in nemi wani.

Dabo.

Kano,
15 ga Sha'aban.

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin sanyin zuciya. Za ka ga na rubuta ta da manyan haruffa, har ta ci shafi huɗu. Da gangan na yi.

Hidimarka ba ta taɓa yi mini yawa ba. Tun da Mama ta rasu, kai kaɗai ka rage da ke kirana 'yar Inno. Takardarka ta sa ni kuka, amma ba don faɗan ba. Layin nan ne da ka ce ka ga baƙi-baƙi a gefe. Kawu, wannan baƙi-baƙin rubutuna ne, layi uku, kuma a nan maganar jan farce take.

Jiya na koma wurin Ikrima. Ya zauna ya daidaita gilasan, hoto ya koma ɗaya, ya sake ɗiga jansa, kuma bai karɓi komai ba. Sai ya fito da ni ƙofar shago ya ce in leƙa. Na leƙa. Na hango wata tattabara a kan tankin ruwa can nesa, har jan ƙafarta na gani. Maƙwabcinsa ya leƙa, wani mai wucewa ya leƙa, kowa ya ce tas. Na ce to kokon da Kawu yake gani fa? Ikrima ya ce, "Malama, madubin nan bai taɓa yin gumi ba. Shi kansa mai agogon ai ya ce bai ga datti ba. Ko goma na canza wa Baba, haka zai gani. Ni gilashi na ba wa garanti, abin da ke bayansa ba nawa ba ne."

Na so in ji haushinsa, na kasa. Da na dawo gida na buɗe akwati na ɗauko takardar ta'aziyyar da ka rubuto mini shekara biyar da suka wuce, na ajiye ta kusa da na bana. Waccan rubutunta ƙanana ne, a jere kamar shukar gero. Na bana kowane harafi ya yi uku na da, layi yana hawa kan layi, a ta ƙarshe har ka rubuta rabin sunanka a wajen takarda.

Kawu, ba fitilun titi ba ne, ba hayaƙin babura ba ne, ba Sama'ila ba ne. Ina jin yanar ido ce ta fara rufe maka gani. Ni ba likita ba ce, amma uwar mijina haka tata ta fara, tana cewa an daina wanke kwanuka da kyau. An yi mata aiki, yini ɗaya aka sallame ta, yanzu ita ke zura wa kanta zare a allura. Ka zo Kano a duba. Ɗaki yana nan, ni zan kai ka da kaina, babu wanda zai ji.

Na san wannan ba maganar da 'ya ke gaya wa uba ba ce. Na yi kwana guda ina juya ta. Amma na tuna abin da kake hawa tudu ka yi shaida ce, kuma kai ka koya wa Mama cewa ba a wasa da ita, ita kuma ta koya mana.

Ga madubin nan na mayar maka ta hannun Mainasara. Lafiyarsa ƙalau. In na yi laifi ka yafe mini.

'Yarka har kullum,
Haulatu.

Kano,
25 ga Sha'aban.

Kawu,

Ina gaisuwa. Kwana goma ke nan babu amsa. Mainasara ya ce ya damƙa maka saƙon hannu da hannu, ka karɓa ka shige gida ko sannu ba ka ce masa ba. Sau uku yana zuwa Kano, sau uku ina zuwa tasha.

Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, don na yi maka alkawarin maganar ba za ta shiga tsakar gida ba. In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, zan karanta in ji daɗi. Shirun ne ba na iya ɗauka.

Saura kwana huɗu a duba wata. Ina yi maka addu'a, ko da yake ni kaina ban san me zan roƙa maka ba.

Haulatu.

Babban Mutum,
4 ga Ramadan.

'Yar Inno,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, ke da mutanen gidanki. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Innarki Nana ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ashe makarantar manyan matan nan da nake yi mata tsiya a kanta ranar amfaninta na tafe. Ta ce in gaya miki gwiwa da sauƙi.

Na yi fushi da ke, fushi sosai. Kwana bakwai madubin yana cikin jaka ban taɓa shi ba. Ran na takwas na ɗauko takardarki ta farko na miƙa wa Nana, na nuna mata gefen, na ce mene ne wannan. Ta karanta mini jan farce tiryan-tiryan. Ita ce wasiƙa ta farko da aka taɓa karanta mini a duniya. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Duk da haka ranar ashirin da tara na rataya shi na hau tudu, ina cewa ko Allah zai sa. Jama'a sun fi na kullum, kin san na azumi ne. Rana ta faɗi, na ɗora shi a ido. Haulatu, na san watan yana nan. A irin wannan lokaci na shekara yakan tsaya taƙi ɗaya sama da reshen kukar nan da ya karkata, na san wurin kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Na duba, fari fat.

Kowa ni yake jira. Liman ya matso ya ce, "Malam Dabo, me ake ciki?"

Da na ce na gani, babu mai musa mini, kuma da wuya a ce ba ya nan. Wallahi bakina har ya buɗe. Sai na tuna gari guda zai tashi sahur a kan maganata, kuma Wanda za a yi wa azumin ya san abin da idona ya gani da wanda bai gani ba.

Na ce, "Liman, ban gani ba. Kuma ba yau na fara ba. Na Rajab da na Sha'aban da kuka ji na ce haka ne bayan Sama'ila, bakinsa na bi. Idona ya tafi, ku daina jirana."

Na cire madubin daga wuyana na ce ina Sama'ila. Ya ce, "Ga ni, Malam," ashe yana dab da kafaɗata. Na rataya masa, na kama kansa da hannu biyu na juya shi, na ce ya nemi karkataccen reshe, ya hau sama taƙi ɗaya, ya ɗan koma dama. Ya duba, sai ya ce, "Allahu Akbar, ga shi nan, daidai inda Malam ya ce." Ya sauke madubin ya nuna da yatsa, mutum biyu, uku, biyar suka gani da idonsu. Aka yi ta kabbara. Ni kaɗai ne a kan tudun ban gan shi ba, kuma ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina kamar ranar ba. Na yi hawaye, ba zan ce ban yi ba.

Muna saukowa Liman ya riƙe hannuna ya ce daga yau ni zan riƙa nunawa, su su duba. Na ce sai dai na ɗan lokaci, don 'yata ta ce abin yana gyaruwa.

Ki gode wa Ikrima, ki ce masa dattijon da ya kira kayansa marar lafiya ya janye. Madubin na bar wa Sama'ila aro, na kuma ja masa kunne a kan jan farce, don telan nan da ya ga sukuru hannunsa ke ƙaiƙayi. Takardar zinariya kuwa Nana ta samu abin fifita wuta.

Bayan Sallah da kwana uku zan biyo Mainasara. Ki tambayi likitan ko aikin nasa yana da garanti. Na san amsar, amma ki tambaya.

Ni ne na yi miki laifi, ba ke ba. Ki yafe wa kawunki.

Dabo.

Haulatu, ni ce Nana. Malam ya fita alwala, na matse wannan a gefe ƙanana don na san ba zai gani ba. Ya ɗauka asirinsa a rufe yake. Ni shekara guda ke nan ina kwashe turmi da kujera daga hanyarsa, tun ranar da ya yi wa tulu sallama don na yafa masa zane. Zaituna matar Sama'ila ta gaya mini mijinta ya fi wata goma yana riga shi gani, sai ya yi shiru, ya matsa kusa yana gyaran murya ta wajen da watan yake, har Malam ya lalubo. Na Rajab da na Sha'aban wata ya kusa faɗuwa ne dole ya yi magana, kuma ranar ko tuwo bai iya ci ba. Na azumin nan ma tun kafin a rataya masa madubi ya gani, ya tsaya dai Malam ya juya masa kai. Liman ya sani, rabin sahun gaba sun sani, ba wanda ya iya gaya masa sai ke. Allah ya yi miki albarka. In aiki ya yi kyau, ki yage gefen nan ki ƙona kafin a cire masa bandeji, don mutumin nan in idonsa ya dawo babu takardar da zai bari bai karanta ba.